Na Tsinci Sunan Kakana a Littafin Coci

Na daɗe ina jinya wannan magana a zuciyata, yau dai na ga gara in amayar da ita, ko akwai wata 'yar'uwa da ke cikin irin halin da na shiga.

Saura wata biyu a kawo lefena magana ta ɓullo. Kun dai san al'adarmu, ba a aure sai an yi binciken asali. To a wajen binciken ne wata goggon angon nawa ta jiyo a bakin wata tsohuwa cewa wai kakana na wajen uba "ɗan mishan" ne, a hannun Turawan coci ya tashi. Tirƙashi! Kafin kwana uku zance ya zagaye dangi, mai ƙara gishiri na ƙarawa. Shi kansa wanda zai aure ni da ya zo zance sai kame-kame yake, ya kasa haɗa ido da ni.

Da dare na sami Baba a ɗakinsa, na durƙusa ina share ƙwalla, na ce, "Baba, don Allah gaskiya ne?" Ya yi shiru kamar ruwa ya ci shi. Can ya yi ajiyar zuciya ya ce shi dai ya buɗe ido ya ga mahaifinsa yana salla yana azumi, akawu ne a reluwe, ya iya boko tun ana gudun boko. Daga ƙasar Zazzau ya zo Kano, amma bai taɓa zancen ƙuruciyarsa ba, su kuma ba su taɓa tambaya ba. "In kina son sani, ki ɗauki yayanki ku je ku gani da idonku."

Wusasa muka fara dira, don duk mai neman labarin Hausawa Kirista nan ake nuna masa. Ni da nake zaton zan ga gini irin na Turai, sai ga cocin St. Bartholomew ginin ƙasa, da bakan gizo irin na magina Hausawa, kai ka ce zauren wani basarake ne. Wani dattijo da muka samu a harabar, Hausa a bakinsa tangaram, ya ba mu tarihi. Likita Mila na ƙungiyar CMS ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905 yana magani yana koyar da yara, sai a 1929 aka dawo da mishan ɗin Wusasa. Ya ba mu labarin Isawa, almajiran wani Malam Ibrahim da aka kashe a Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi saboda yadda yake fifita zancen Annabi Isa. Mabiyansa suka watse, wasu har Ningi. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka nemo Mila, aka kafa musu zama a Gimi, har ciwon sammore ya yi musu ɓarna, sauran suka dawo Zariya. Ya ce nan Janar Yakubu Gowon ya tashi, haka Dakta Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu.

Da ya ji sunan ƙauyen kakanmu sai ya ce ai can ma akwai tsohon coci, mu je mu nemi littafin baftisma.

Jama'a, ni ban taɓa sanin haka suke ajiye tarihi ba. Faston ƙauyen ya fara tambayar dalilinmu, don ba kowa ake buɗe wa ba, kuma gaskiyarsa ne. Da Yaya ya yi masa bayani, sai ya fito da littattafai huɗu daga wata akwatin ƙarfe: na baftisma, na tabbatarwa, na aure, da na binne mamata. Shafin baftisma layi-layi ne. Akwai ranar da aka yi, sunan da aka raɗa wa mutum, sunan iyayensa, garinsu, sana'ar uban, waɗanda suka tsaya masa, da sa hannun wanda ya yi baftismar. Gara ta ci gefen wasu shafukan, tawada ta koɗe ta koma ruwan ƙasa.

Mun fi awa biyu muna laluben sunan da muka san Kaka da shi, ko alama. Ashe shirme muke yi. Faston ya ce, "Ku bar neman sunansa, ai sabon suna ake ba su. Ku nemi na ubansa." Ga kuma rubutun Turawa, Muhammadu ya koma Momo ko Mamudu, ƙ da k duk ɗaya ne a wajensu. Wanda zai yi irin wannan tafiya ya riƙe sunan uba, da laƙabi, da sana'a, ya tambayi tsofaffin gida tun kafin ya fita.

Cikin shafukan shekarun 1930 yatsan Yaya ya tsaya. Sunan kakan Babanmu, maƙeri, ga sunan ƙauyen. Yara biyu aka yi wa baftisma rana ɗaya, mace da namiji, a gefe kuma an rubuta da Turanci cewa marayu ne. Gabana ya yanke ya faɗi. Yaron nan shi ne Kaka.

Na yi kuka, amma ba irin kukan da na zo da shi ba. Ni dai abin da nake gani yaro ne ƙarami, ba uwa ba uba, riƙe da hannun yayarsa.

Faston bai bar mu haka ba, ya ce mu bi sauran littattafan. A na tabbatarwa, wanda ake yi wa mutum in ya yi hankali ya amsa da bakinsa, akwai sunan yarinyar, babu na yaron. A na aure ita ce dai, a na mamata ma ita. Sawun Kaka ya ɓace daga shafin farko. Ya ce mana littafi yana faɗin abin da aka yi ne a rana kaza, ba ya faɗin abin da mutum ya riƙe a zuciyarsa daga baya, don haka kada mu ɗora wa takarda abin da ba ta ce ba. Sauran labarin sai a bakin mutane. Wallahi maganar nan ta shige ni.

Mutanen kuwa suna nan. Ya aika yaro, sai ga wata tsohuwa tana dogara sanda, 'yar waccan yayar ce. Tana ganin Yaya ta dafe ƙirji ta ce, "Wannan goshin na Kawu ne!" Ta ce uwarta ta sha faɗa musu ƙanenta ya bi wani malami zuwa Kano yana saurayi, ya koma addinin ubansa, kuma duk shekara yakan aiko mata da turmin atamfa har ta rasu. Baba bai taɓa sanin yana da goggo ba.

Da izinin faston muka ɗauki hoton shafin a waya. Inna ta ce a rufe zancen, a ce ba a samu komai ba. Baba ya ce a'a, auren da aka ɗaura kan ƙarya ba da 'yarsa ba. Shi da kansa ya je ya sami uban yaron ya nuna masa.

Alhajin ya daɗe yana kallon wayar. Sannan ya ce, "Malam, sahabban Manzon Allah nawa ne aka haifa cikin Musulunci? Ranar Asabar za a kawo kaya."

Goggon nan dai har yau gaisuwarmu sama-sama ce, ban kuma damu ba. Ranar kamu, tsohuwar ƙauye ta zo da jikokinta biyu da ƙwaryar man shanu. Baba ya zauna kusa da ita a tabarma har aka kira la'asar, yana ta tambayarta yadda kamannin goggonsa suke.