Shekara 44 a benci ɗaya: Ranar da kocin garinku zai ajiye usur, me zai rage?

Idan ka taɓa buga ƙwallo a filin firamaren unguwarku, ka san mutumin nan. Ana idar da sallar La'asar zai iso, buhun ƙwallaye ɗaure a bayan mashin, usur rataye a wuya. Shi ne koci, shi ne mai shafa man zafi idan an yi targaɗe, shi ne mai bin gida-gida yana ba iyaye haƙuri su bar yaro ya je wasa wani gari. In kuɗin mota bai cika ba bayan an yi karo-karo, daga aljihunsa ake cikawa. Babu albashi, babu kwantiragi. Wani ma ko sunansa na yanka ba ka sani ba, "Koci" kawai kowa ke kiransa, har matarsa wani lokaci.

To wata rana mutumin nan zai gaji. Gwiwa za ta ƙi, ko hidimar iyali ta yi yawa, ya tara yara bayan atisaye ya ce daga yau ya ajiye. Kafin mu zo kan abin da ke biyo bayan wannan rana, bari in ba ka labarin wani da ya fara daidai inda kocin unguwarku yake, a wani ƙaramin gari na ƙasar Faransa.

Sunansa Guy Roux, Faransawa na furta shi "Gi Ru". Garin kuma Auxerre, kudu maso gabas da birnin Paris, mutanensa ba su wuce kimanin dubu 35 ba. Unguwa ɗaya a Kano sai ta ninka shi. Ƙungiyar garin wani limamin coci ne mai suna Deschamps ya kafa ta a 1905, kuma har gobe sunansa filin wasan ke ɗauke da shi. A 1961 ƙungiyar tana buga gasar yanki ta ƴan dagaji, can ƙasa inda babu mai ɗaukar ƙwallo sana'a. Suka nemi koci. Cikin masu neman aikin har da wani saurayi ɗan shekara 22 da ya tashi a ƙauyen Appoigny da ke kusa da garin, kuma ya taɓa buga wa ƙungiyar. Shi aka ɗauka. Ba don ya fi sauran suna ko gogewa ba fa, shi ne ya nemi albashi mafi ƙanƙanta.

Kai da ke musu kullum a gidan kallo kan waye ya fi daɗewa, riƙe wannan: Alex Ferguson ya yi shekara 26 da ɗoriya a Manchester United, daga 1986 zuwa 2013. Arsène Wenger ya yi kusan 22 a Arsenal. Guy Roux ya kama Auxerre a 1961, bai sake ta gaba ɗaya ba sai 2005. In ka cire lokacin da ya tafi aikin soja na dole a farkon shekarun 1960, da kaka ɗaya da ya koma ofis, sauran duk a bakin fili ya yi su. Kuma Ferguson da Wenger manyan ƙungiyoyi suka tarar. Shi fili ya tarar da ƴan wasan da kowa ke da aikinsa na safe.

Hawan bai zo da sauri ba, kuma nan ne nake so ka tsaya. Sai a 1970 suka shiga rukuni na uku na ƙasa. Shekara tara ke nan yana fama a gasar da ko jaridar Paris ba ta kallo. A 1974 suka hau rukuni na biyu. A 1979, suna rukuni na biyun, suka kai wasan ƙarshe na Kofin Faransa, Nantes ta doke su 4-1 bayan ƙarin lokaci. A 1980 suka shiga babbar gasar ƙasar. Lissafa da kanka: shekara 19 daga ranar da aka ba shi aiki. Yau koci ya yi rashin nasara sau uku a jere, kafin ya iso gida mun gama yanke masa hukunci a waya. Har da ni, ban cire kaina ba.

Da kuɗi suka fara shigowa, ƙungiyar ba ta ruga sayen babban ɗan wasa ba. Makarantar horar da yara suka gina a farkon shekarun 1980. Daga nan Eric Cantona ya fito, kafin Manchester United ta san da shi. Daga nan Basile Boli ya fito, wanda daga baya ya ci wa Marseille ƙwallon da ta ɗauki Kofin Zakarun Turai da ita a 1993. Daga nan Djibril Cissé ya fito ya tafi Liverpool a 2004, haka Philippe Mexès da ya tafi Roma. Tsarin a fili yake: a raini yaro, ya buga wa gari wasu shekaru, a sayar da shi da tsada, a zuba kuɗin a kan na baya.

Shi kuwa Roux tamkar uba yake gare su, mai tsanani kuwa. An san shi da leƙa gidajen rawa da dare yana neman ƴan wasansa, da duba mitar motocinsu don ya gane wanda ya saci jiki ya tafi Paris. Kana dariya ko? Ai kocin unguwarku ma ya taɓa kama wani a majalisa ƙarfe sha biyun dare ana gobe wasa, ya sa shi zagaye fili har sai da ya ga taurari.

Mu ma muna da namu a labarin. Taribo West, mai kitson nan kala-kala, ya je Auxerre a 1993, ya yi kaka huɗu a hannun Roux kafin Inter Milan ta ɗauke shi a 1997. A 1996 yana cikin tawagar da ta haɗa kofi biyu, gasar Faransa da Kofin Faransa, ga Laurent Blanc a gefensa a baya. A shekarar dai ya wuce Atlanta ya ɗauko zinare da Najeriya a gasar Olamfik. Wannan kofin gasa na 1996 shi ne kaɗai Auxerre ta taɓa ɗauka a tarihinta. Kofin Faransa kuwa sau huɗu Roux ya ɗaga shi: 1994, 1996, 2003 da 2005. A Turai ma sun taɓa kai wasan kusa da na ƙarshe na Kofin UEFA a 1993, Borussia Dortmund ta fitar da su a bugun fenariti.

Yanzu ga inda labarin ya fi shafar mu, wato sauka. Mutumin da ya daɗe a wuri, saukarsa ba ta zuwa da sauƙi. A 2000 Roux ya bar benci ya koma ofis, aka ba Daniel Rolland, wanda ya daɗe yana horar da yaran ƙungiyar. Kaka ɗaya aka yi, sakamako bai yi daɗi ba, a 2001 sai ga Roux ya dawo. A watan Yunin 2005 suka doke Sedan 2-1 a wasan ƙarshe na Kofin Faransa, Bonaventure Kalou ɗan Kodebuwa ya ci ta biyun ana dab da tashi. Washegari Roux ya sanar cewa ya ajiye, yana ɗan shekara 66, da kofi a hannu. Da a nan ya tsaya, da an ce babu wanda ya iya sauka kamarsa. Amma ƙwallo jaraba ce. A 2007 ya karɓi ƙungiyar Lens, wasanni ƙalilan ya yi, kafin watan Agusta ya ƙare ya sake ajiyewa. A ganina abin da ya sa ya yi ƙarfi a Auxerre ba dabarar wasa ba ce kaɗai. Ya san garin, ya san iyayen yaran, ya san mai yankan ciyawar fili. Wannan ba a ɗaukarsa a jaka a kai wani gari.

Ita ƙungiyar fa? Ba ta rushe washegari ba. Jacques Santini ya yi kaka ɗaya, Jean Fernandez ya karɓa, har suka zo na uku a 2010 suka shiga Kofin Zakarun Turai, rukuni ɗaya da Real Madrid da AC Milan da Ajax. A 2012 ne suka faɗa rukuni na biyu bayan shekara 32 a sama, suka yi shekara goma kafin su dawo a 2022. Sun sha wuya, amma ƙungiyar tana nan, saboda akwai makaranta, akwai ofis, akwai takardu, akwai shugabanni irin su Jean-Claude Hamel da suka daɗe tare da shi suna riƙe ɓangaren mulki.

To dawo gida. Ƙungiyar unguwarku, in Koci ya ajiye yau, wa ke riƙe da ita? Sau da yawa amsar ita ce babu kowa. Ragar tana ɗakinsa, jesi suna ɗakinsa, yarjejeniyar amfani da fili tsakaninsa da hedimasta ce ta fatar baki. Sunayen yaran da suka wuce ta hannunsa shekara da shekaru a kansa suke, ba a littafi ba. Ranar da ya tafi sai manyan yara su rabu gida biyu kan wa zai gaje shi, kowa ya ja nasa, bayan wata shida ka zo ka tarar an fara ajiye motoci a filin ko an yanka shi fuloti. Ƙananan da ke zuwa atisaye kullum da yamma, sai ka tambayi kanka ina suke zuwa yanzu a wannan lokacin. Ba sai na faɗa maka abin da ke jiran yaro mara abin yi a bakin layi ba.

Kuma batun littafin nan ba ƙaramin abu ba ne, kuɗi ne tsabarsu. A dokar FIFA, idan aka sayar da ƙwararren ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Shekaru huɗun farko, 12 zuwa 15, kowace ɗaya tana da rubu'in kashi ɗaya na kuɗin cinikin, sauran kuma rabin kashi ɗaya kowace. Mu ƙaddara an sayar da yaro Yuro miliyan 10, kuma a hannun kocinku ya yi daga 12 zuwa 15. Rabon ƙungiyarku Yuro dubu 100 ke nan. Juya shi zuwa Naira ka gani. Akwai kuma kuɗin horarwa da ake biya idan yaro ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararru. Tun 2022 FIFA ta buɗe wani ofis a Paris da irin waɗannan kuɗaɗe ke bi ta cikinsa. Amma duk wannan sai ƙungiyar tana da rajista da hukumar ƙwallo, kuma an yi wa yaron rajista da sunanta a shekarun da ya yi. In babu, ko da duk unguwa ta shaida cewa Koci ne ya saya masa but na farko, sisi ba zai zo ba.

Kada ka ce ai yaranmu ba sa kaiwa can. Ahmed Musa daga makarantar ƙwallo ta GBS a Jos ya taso, ya zo Kano Pillars ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, ya wuce VVV-Venlo ta Holan, daga nan CSKA Moscow, daga nan Leicester City a 2016. Kafin kowa ya san sunansa, wani ne ya tsaya a rana yana hura masa usur.

Na san yadda muke yi idan irin wannan koci ya sauka. Za a shirya wasan karramawa, tsofaffin ƴan wasa da sababbi, a ba shi kofi ko shadda, a yi hotuna, kowa ya ɗora a Facebook da WhatsApp da kalamai masu daɗi. Yana da kyau, wallahi ya cancanci fiye da haka, kuma in za a haɗa masa da ɗan jari ya fi kofin roba amfani. Sai dai aikin da ya fi wannan ba ya buƙatar jiran ranar. Kai da ka iya waya da kwamfuta, kai ne za ka zauna da shi ka rubuta sunan kowane yaro, ranar haihuwarsa ta gaskiya (ta gaskiya na ce, ka san halinmu a nan), da shekarar da ya shigo. Ku je ofishin hukumar ƙwallon jiharku ku tambayi yadda ake rajistar ƙungiya da nawa ake biya. A samu mutum uku ko huɗu na unguwa da za su riƙe kuɗi da maganar fili a rubuce, har da sa hannun mai unguwa. Cikin manyan ƴan wasan da ƙafa ta fara gajiya, a samu wanda zai riƙa tsayawa kusa da Koci yana koyo, in da hali ya nemi kwas ɗin horarwa na matakin farko.

Wani abu kuma, shi kansa Kocin sai an lallaɓa shi. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana yin komai shi kaɗai ba ya son a taɓa masa buhun ƙwallo, kuma kana kawo maganar magaji zai ɗauka korarsa ake shirin yi. Ka ga dai Roux, da duk kofunansa, sai da ya sauka ya dawo, ya sake sauka, ya je wani gari ya gwada. Don haka kada ka tare shi a gaban yara. Bari a tashi daga atisaye, ka taya shi kwance raga, ka riƙe masa buhun zuwa wurin mashin, sannan ka ce, "Koci, yaran nan namu na bana, su nawa ne? Ina so in rubuta sunayensu."