Yadda zafin huda ke raunana zaren kabon a jikin jiragen sama

Kimanin rabin nauyin jirgin sama samfurin Boeing 787 ba ƙarfe ba ne, haɗin zare da danƙo ne, akasarinsa zaren kabon, wanda bai kai alminiyam nauyi ba amma yana da ƙwari ƙwarai.

Jirgin ya fara jigilar fasinja a shekarar 2011, kuma kamfanin Ethiopian Airlines ne ya fara mallakarsa a nahiyar Afirka a 2012. Takwaransa na Turai, Airbus A350, wanda ya soma aiki a 2015, kashi 53 cikin ɗari na jikinsa irin wannan haɗi ne.

Rashin nauyin yana rage shan mai. Sai dai kafin a haɗa sassan jirgin, dole ne a huda su domin ɗaura ƙusoshi, kuma zafin da hudar ke haifarwa yana iya rage ƙarfin sashen ba tare da ido ya gani ba.

Zare da danƙo

Shi dai zaren kabon ya fi gashin mutum siranta nesa ba kusa ba. Akan jera dubbai daga cikinsa su zama falle guda, a jiƙa shi da wani danƙo da ake kira efoksi, sannan a ɗora falle bisa falle, kowanne yana fuskantar wani ɓangare dabam.

Daga nan sai a gasa su a cikin wata babbar tanda mai matsi, galibi a zafin da ya kai kimanin digiri 180 a ma'aunin Salshiyas, har su daskare su zama abu guda.

Zaren ne ke ɗaukar nauyi, danƙon kuma shi ke riƙe da zaren. Zaren yana jure zafi mai tsanani, amma danƙon ba haka yake ba: da zarar zafi ya kusanci wanda aka gasa shi da shi, sai ya fara laushi.

Inda zafin ke fitowa

Idan ana huda alminiyam, zafin yakan bazu cikin ƙarfen, wani kuma ya fita tare da ɓarɓashi. Danƙo kuwa ba ya barin zafi ya ratsa shi da sauri, saboda haka sai zafin ya taru a bangon hudar.

Haka kuma zaren kabon yana da kaushi, yana cinye kaifin ƙarfen huda cikin hanzari. Ƙarfen da ya dakushe gurza yake yi maimakon yanka, wanda hakan ke ƙara zafi.

Da danƙon ya yi laushi, sai ya saki zaren. Wasu zaruruwan su tsinke, wasu su zare daga gurbinsu, fallayen ƙasa kuma su rabu da juna a daidai inda ƙarfen ke ɓullowa.

Irin wannan huda ba ta riƙe ƙusa yadda ya kamata. Tun da yake jikin jirgi yana kumbura kaɗan ya koma a duk tashi da sauka, rabuwar da ta fara ƙarama tana iya faɗaɗa a hankali.

Lamarin ya fi tsanani a wuraren da zaren ya haɗu da ƙarfen titaniyam, wanda ake amfani da shi saboda alminiyam yana zaizayewa idan ya jingina da kabon. Akan huda su tare, kuma ɓarɓashin titaniyam mai zafi yana bi ta cikin hudar zaren, ya ƙona bangonta.

Matakan da ake ɗauka

Masana'antu suna amfani da ƙarafan huda masu bakin lu'ulu'u, waɗanda ke daɗewa ba su dakushe ba, ana kuma sauya su bayan adadin huda da aka ƙayyade.

Ana kuma yin hudar daki-daki, ƙarfen ya shiga ya fito domin ya huce, ko a hura iska da ɗan mai kaɗan.

Masu bincike sun gwada sanyaya wurin da ruwan naitrojin, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifiri. Hakan yana kare danƙon daga laushi, amma yana sa shi tauri, ta yadda sai an ƙara danna ƙarfen, kuma dannawar ita ma tana iya raba fallayen.

Ke nan abin da injiniyoyi ke nema shi ne tsaka-tsaki.

Bayan huda, akan binciki sassan da na'urar sauti, mai aiki irin na wadda ake duba masu juna biyu da ita a asibiti, domin gano rabuwar da ke ɓoye a ciki.

Wata dabarar ita ce rage yawan hudar tun farko. Kamfanin Boeing ya ce gangar jikin 787, da ake ƙera ta a manyan sassa, ba ta buƙatar huda fiye da 10,000 lokacin haɗa ta, alhali ta jirgin 747 ta buƙaci kimanin miliyan 1 a lokacin da ake ƙera shi.