Daga Zunguru zuwa Dayis: Yadda Lallen Matan Hausawa Ya Sauya

A da ƙunshi aikin kwana ne. A tsinko ganyen lalle a shanya, a daka a tankaɗe, a kwaɓa da ruwa da ɗan lemon tsami a bar shi ya tsima. Da dare a damɓara wa mace a ƙafa a naɗe da ganye da tsumma, hannu kuwa a zura shi cikin zunguru. Haka za ta kwana a ɗaure, ko ruwa take so sai an ba ta a baki. Mai son ya yi duhu sai ta maimaita dare biyu ko uku. A labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954, sa lalle na cikin manyan matakan aure a ƙasar Zazzau. Kuma ba ado kaɗai ake nema ba: lalle yana sanyaya ƙafa, da shi ake lallaɓa kaushi da faso, maijego na yi kafin suna, dattawa na rina gemu don koyi da sunna. Tun da rini ne da ke shiga fata, bai hana ruwan alwala isa ba, shi ya sa bai sha cece-kucen da jan farce ya sha ba.

Yau a Kano ko Kaduna ko Damagaram, amarya na miƙa hannu a zana mata fulawa da dayis, wato baƙin lalle, kafin awa guda ta wanke ta tafi wurin kwalliya. Tsakanin zunguru da wannan an ratsa ta zamanin salatif, inda ake yanka shi da reza a liƙa a fitar da zane kafin a shafa lallen.

Salon zane da dayis ya shigo ne ta gabas. Matan Barno, Kanuri da Shuwa, sun daɗe da ɗauko gyaran jiki irin na Sudan: dilka, halawa, humra, turaren tsuguno da baƙin zane. Rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 ya watsa iyalai da dama zuwa wasu garuruwa, kuma da yawa daga matan da wannan sana'a suka riƙe kansu. Finafinan Indiya sun ƙara kwaɗaitar da zane mai sarƙaƙiya, Instagram da TikTok suka ƙarasa aikin. Amma a ganina babban dalili shi ne lokaci. Biki ya zama jerin shagulgula, kamu yau, dina gobe, amarya kuma tana makaranta ko wurin aiki, ina ta ga daren da za ta kwana a ɗaure? Ga hoto, wanda baƙi ya fi fitowa a cikinsa fiye da ja, musamman a fata mai duhu.

Ribar a fili take. Abin da gwaggo ko ƙawa ke yi kyauta ya zama sana'a. Yarinya na koyo a 'yan watanni, jarinta bai taka kara ya karya ba, a cikin gida take aikinta, kuma a jajibirin Sallah sai ta kai tsakar dare mata na layi. Wannan ba abin rainawa ba ne a wurin da aikin yi ya yi wa mata ƙaranci.

Sai dai lalle na gaskiya ba ya yin baƙi wuluk. Iyakarsa ja zuwa ruwan ƙasa. Baƙin nan da ke kamawa nan take galibi daga wani sinadarin rina gashi yake, PPD. Tarayyar Turai ta ƙayyade shi da kashi 2 cikin ɗari a rinin gashi bayan an haɗa, hukumar FDA ta Amurka kuma ba ta yarda a zana shi a fata ba. Ƙungiyar likitocin borin fata ta Amurka ta ayyana shi a matsayin sinadarin shekarar 2006 wajen tayar da bori. A Sudan, inda aka riga mu fara amfani da shi, likitocin Khartum sun daɗe suna karɓar waɗanda ya yi wa illa, har da lalacewar ƙoda ga waɗanda suka sha shi.

Mugun halinsa shi ne jinkiri. Sau da yawa sai bayan mako ɗaya ko biyu ƙaiƙayi zai fara, fata ta ɗuri ruwa daidai sawun zanen, fulawa ta koma tabo. Lokacin biki ya watse, sai a ɗora laifin kan sabon mai ko sabulu, wasu ma su ce baki ne. Jikin da ya taɓa bori kuwa ba ya mantawa, ko rinin gashi ta sa nan gaba zai iya tashi. Wadda ta fi kowa shiga haɗari ita ce mai zanen kanta, da ke cakuɗa shi kullum ba safar hannu. Yara ma ana zana musu da Sallah, alhali ko jan lallen likitoci na gargaɗi a kansa ga jarirai masu ƙarancin sinadarin G6PD, matsalar da ta yawaita a Najeriya, domin yakan farfasa musu ƙwayoyin jini.

Wasu masu sana'ar sun fara komawa ga jan lalle, suna kwaɓa nasu suna ɗurawa a leda mai tsini su yi zanen zamani da shi. Yana ɗaukar awanni kafin ya kama, ga tsada, amare da yawa kuma har yanzu baƙin suke tambaya. Shi kuwa dayis ana sayar da shi a ƙulle-ƙulle a kasuwa, ba tare da rubutun abin da ke ciki ba.