Kafin ka bar Windows, duba takardunka

Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, masu kwamfutoci 'yan gwanjo a Parakou da Djougou suka shiga lissafi, domin da yawansu ba sa ɗaukar Windows 11. Mafita mai arha ita ce Linux, irin su Ubuntu. Sai dai Word ba ya hawa kansa.

Ni dai ban damu da ko fayil zai buɗe ba. LibreOffice Writer kyauta ne, yana kuma buɗe .docx. Fasalin takarda ne abin tsoro. Ɗalibin Jami'ar Parakou da ya rubuta kundinsa da Calibri, in babu Carlito a madadinsa, sai shafuka su zame, teburi ya karye, ga lokacin miƙawa ya matso. Malamin Islamiyya mai haɗa Larabci da Faransanci da ƙ, ɗ, ɓ a shafi guda, shi kuma ya fara kunna rubutun dama zuwa hagu a saitin harsuna.

Mai yawan musayar .docx da ofisoshi, ina ganin OnlyOffice ya fi masa. In shagon bugawa a Zongo za ka je, kai musu PDF kawai.