Ƙwayar Gaggawa: Awa 72 da Ba a Wasa da Su

A ɗakunan kwanan ɗalibai mata, sunan Postinor-2 ba baƙo ba ne, sai dai a raɗa ake faɗinsa. Cikin raɗar nan kuwa ƙarya ke yaɗuwa: wata ta ce a sha ruwan gishiri, wata ta ce kanwa da lemon tsami, wata ta ce Ampiclox. Babu ɗayansu da ke hana ciki, kanwar ma sai dai ta jawo ciwo.

Masu bukatar ƙwayar suna da yawa. Akwai matar aure mai goyo da ta manta ranar allurarta, akwai wadda kwaroron roba ya fashe mata, akwai kuma wadda aka yi wa fyaɗe, wadda ita ce aka fi barin ta cikin duhu.

Sinadarin da ke cikinta, levonorgestrel, jinkirta fitar ƙwan mace yake yi, don kada ya haɗu da maniyyi. Shi ya sa lokaci ne komai: ana so a sha cikin awa 72, kuma ranar farko ta fi ta uku amfani. Idan ciki ya riga ya shiga, ba ta zubar da shi. Wata irin, ulipristal, tana kaiwa kwana 5, haka ma robar mahaifa mai jan ƙarfe da ake sakawa a asibiti, wadda ta fi su duka inganci.

Idan aka yi amai cikin awa biyu da sha, a sake shan wata. Tashin zuciya, jiri ko ciwon kai kan wuce da kansu. Al'ada na iya zuwa da wuri ko ta makara, amma idan ta wuce mako guda, a yi gwajin ciki. Mai shan maganin tarin fuka ko na farfaɗiya ta gaya wa likita, domin wasunsu na rage mata ƙarfi. A kemis kuma a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, don jabu na yawo.

A ganina, babban kuskure shi ne mayar da ita maganin kullum, alhali hanyoyin tazarar haihuwa na asibiti sun fi ta tabbas. Kuma ba ta kare kowa daga ƙanjamau. Wadda aka yi wa fyaɗe ta garzaya asibiti, domin maganin kariya daga ƙanjamau shi ma cikin awa 72 ake fara shi.