Kububuwa a Fadamar Haɗejiya

Manomin shinkafa a Auyo ko Guri ba ya firgita da mesa, duk girmanta. Kasa ma an san ta da nauyin barci, sai an taka ta take sara. Abin da ke sa shi ya dinga buga sanda kafin ya cusa hannu ƙarƙashin dami wata 'yar ƙarama ce, kububuwa, ba ta kai kamu biyu ba, launinta irin na busasshiyar ƙasa, da ɗige-ɗigen fari a gadon baya.

Da dare take farauta: ɓera, kwaɗo, kunama, shanshani. Idan ta ji motsi sai ta nannaɗe, ta riƙa goga sassan jikinta da juna, ka ji wata ƙara kamar an zuba ruwa a tafasasshen mai. Gargaɗinta ke nan, kuma ba ta cika maimaitawa ba. Danginta na tsaunukan Asiya da Amurka ta Tsakiya suna da ɗan rami tsakanin ido da hanci, da shi suke jin ɗumin jikin abin farauta a cikin duhu. Tamu ba ta da shi, amma ita ce ta fi kowane maciji kisa a arewacin Najeriya.

Ba mazauniyar ruwa ba ce. Amma duk shekarar da kogin Haɗejiya ya yi ambaliya, kamar 2020 da 2022, ramuka kan cika, ɓeraye su gudu tudu, macizai su bi su. A tudun nan kuma mutane ke shimfiɗa tabarmi.

Ana yi mata kirari da gobe da nisa, sai dai sau da yawa gobe takan zo, jibi ma ta zo, kuma nan yaudarar take. Dafinta yana hana jini daskarewa. Mutum zai ga kumburi kawai, ya sha saiwa, a tsattsaga wurin, a ce ya tsallake. Bayan kwanaki sai jini ya fara fita daga dasashi, daga tsohon tabo, wani lokaci ya zuba cikin ƙwaƙwalwa. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Ban raina gardawa da masu magani ba, sun san halin macizai fiye da yawancinmu. Amma wani saran ba ya zuwa da dafi, wanda ya warke a kansa shi ake ta ba da labari, wanda ya rasu kuwa a ce kwana ne ya ƙare.

Gwajin asibiti ba shi da wuya: a ɗebi jini a kwalba mai tsabta, a ajiye minti 20. In bai daskare ba, allurar kashe dafi ake bukata nan take. Irin wadda aka haɗa don macizanmu ita ce EchiTAb, ana yin ta a Birtaniya da Kosta Rika daga jinin tumaki da dawakai. Asibitin saran maciji na Kaltungo a Jihar Gombe ya daɗe yana ceton rayuka da ita, Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero kuma ya shafe shekaru yana kiran a wadata ta. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi sakaci da su.

Daga Kirikasamma zuwa Kaltungo tafiya ce mai nisa ga mai zubar jini, balle lokacin da ruwa ya yanke hanya. Kafin damina ya kamata allurar ta iso asibitocin masarautar Haɗejiya, tare da takalmin roba da tocila ga masu girbi.