Ƙofar Gareji Mai Rufe Kanta

Jama'a, 'ya'yanmu da yawa suna tafiya birni aikin gadi ko tuƙi ko aikatau. A wasu manyan gidaje za su tarar da ƙofar gareji, watau ɗakin ajiye mota, wadda inji ke ɗagawa da saukewa in an danna maɓalli. Ƙofar nan nauyi gare ta ƙwarai. In ta danne ƙirjin yaro, sai ta hana shi numfashi.

A Amurka, inda irinta ta fi yawa, ta kashe yara da dama. Saboda haka hukumarsu ta kafa doka, daga 1 ga Janairu 1993 duk injin da za a ƙera sai da ƙarin abin tsaro. Galibi 'yan idanu ne biyu, ɗaya dama ɗaya hagun ƙofa. Ɗaya yana jefa siririn haske wanda mutum ba ya gani, ɗayan yana karɓa. In abu ya gitta hasken ya yanke, sai ƙofar ta koma sama.

Ana kafa su kada su wuce inci 6 daga ƙasa, domin yaro mai rarrafe ko wanda ya faɗi kwance. To, nan ne direbobi ke ruɗuwa. In tayoyin baya sun shige amma gindin motar yana bakin ƙofa, hasken zai bi ta ƙarƙashi bai yanke ba, ƙofa kuwa ta sauko ta lotsa but. Wasu sukan mai da idanun sama don gudun haka. Kuskure ne babba, gama an tsare ƙarfe ke nan an bar yaro. Gara a kafa katako a ƙasa inda tayar gaba za ta tsaya, direba kuma ya duba bayan motar kafin ya danna.

Da hunturu ƙura takan rufe idanun, ƙofa ta ƙi sauka. A goge su da tsumma mai laushi, kada a cire su.

Kowane wata a gwada. Tana saukowa a gitta tsintsiya gaban idon. Kana a shimfiɗa katako mai kaurin inci 1½ a ƙarƙashinta. In ba ta koma sama ba a ɗayan gwajin nan, a kashe wutarta a kira mai gyara. Maɓallin bango kuwa a kafa shi ƙafa 5 daga ƙasa, inda hannun yaro ba ya kai.